Tob Ɗin Mahaifiyata a Kan Talabijin

Shekarun baya, zamanin da tsayin gemu ya fi takardar makaranta amfani a garin nan, na taɓa shiga hidimar koyon Sifaniyanci ka'in da na'in. Wasunku sun sha tambayata yadda aka yi mai gyaran rediyo a kasuwar Gadarif, nan Sudan, yake jin yaren mutanen Sifen, kuma me ya sa duk wanda ya ce in koya masa sai in kawar da zancen. To yau zan faɗa, ba don labarin yana min daɗi ba.

A lokacin ina da 'yar rumfata ta gyaran rediyo da rakoda. Ni da mahaifiyata ne kawai a gida, mahaifina ya daɗe da rasuwa. Ita tana dama godogodo, furarmu ta nan, ta ɗauki robarta a ka ta kai tasha kullum. Ina da wani aboki Bahabashe, ɗan gudun hijira daga sansanonin wajen Shuwak. Tun yana yaro gwamnatin ƙasarsu ta tura shi Kuba karatu, ya dawo da kanikanci a hannu da Sifaniyanci a baki, sai gwamnatin da ta tura shi ta faɗi, ya tsallako mana da rigar jikinsa. Shi ya ba ni wani tsohon littafin koyon yaren wanda bangonsa ya fita. Shekara biyu ina haddace shi tsakanin wannan rediyo da wancan, ba don wata manufa ba, don dai in burge kaina. Idan na haɗa jimla abokina ya ce daidai ne, ranar ko mai shagon kusa da ni ba ya samun gaisuwa mai kyau.

Ana nan sai wasu likitoci Turawa suka buɗe wurin jinyar kala'azar a wajen Hawata, ciwon nan na zazzaɓi da kumburin saifa da ke cinye mutanen bakin kogin Rahad. Yawancinsu masu Sifaniyanci ne, suka ɗauki abokina direba. Wata rana ya faɗo rumfata, ko zama bai yi ba.

"Ya zol, mutumina, rufe rumfar nan," in ji shi. "Mutanen nan tafinta suke nema. Rabin marasa lafiyarsu Hausawa ne, tsofaffin ko Larabci ba su ji sosai. Wanda suke da shi Ingilishi yake lallaɓawa da su, magana sai ta bi baki uku kafin ta isa. Kai ga Hausa, ga Larabci, ga littafina. Me kake jira?"

Da ya faɗa min albashin, abin da ya fara zuwa raina robar nan ta kan mahaifiyata ce. Na ce in Allah ya yarda ta sauke ta ke nan.

Washegari na sa jallabiyata ta Juma'a muka tafi gidan da suke haya a cikin gari. Shugabarsu wata likita ce mai furfura, tana zaune a kan tabarma kamar 'yar gida. Na zuba mata gaisuwar da na kwana biyu ina bitarta, ban ci gyara ko ɗaya ba. Ta ji daɗi, fuskarta ta washe, sai ta buɗe baki ta mayar min. Wallahi ko kalma ɗaya ban kama ba. Ni na saba da kalmomin littafi, kowace a zaune a wurinta, da fili tsakaninta da 'yar'uwarta. Wannan kuwa kamar an kwance bakin buhun riɗi. Ina ta gyaɗa kai ina cewa "e, na gode". Daga baya abokina ya ce tambayata ta yi shekaruna nawa.

Matar ba ta yi min dariya ba. Ta ɗauki takarda ta rubuta tambayar, na karanta na amsa nan take. Ta ce wa abokina ya gaya min idona ya koya, kunnena ne bai koya ba, kuma marar lafiya ba ya jira a rubuta masa. Ta ba ni wata uku, zuwa bayan girbi, ta ce za su riƙe min gurbin. Ta rubuta min jerin kalmomin ciwon in haddace. Ta kuma ce in zo da takardar shaidar kyakkyawan hali daga kwamitin unguwa, domin hukuma ba ta barin su ɗauki kowa sai da ita. Takardar ba ta dame ni ba ko kaɗan, ni da ko sigari ban taɓa sha ba.

Abokina ne ya kawo maganin kunnen, a cikin buhun sukari. Kaset-kaset ne na bidiyo guda goma sha ɗaya daga gidan likitocin, finafinan ƙasashensu, babu rubutun fassara a ƙasa. Ina da wata na'urar bidiyo da ƙaramar talabijin da masu su suka watsar a rumfata. Na gyara su na kai ɗakina, bukkar ciyawa irin tamu ta Gadarif, na kunna. Ban yi minti biyar ba sai ga inuwar mahaifiyata a bakin ƙofa. Ta ga wata mata kai babu ɗankwali, hannuwa a waje.

"A gidan nan?" ta ce. "Gidan da ubanka ya sauke Alƙur'ani a cikinsa?"

Na kashe, na zaunar da ita na yi mata bayani tun daga farko, har da maganar robar. Ta saurara ba ta katse ni ba.

"Daktorar nan kunne ta ce, ko ido?"

"Kunne, Inna."

"Kalas, shi ke nan. Ido ba shi da aiki a ciki."

Ta fita ta dawo da wani tsohon tob ɗinta, mayafin nan na matan Sudan, ruwan ƙasa mai koren baki. Ta ninka shi huɗu, ta lulluɓe talabijin ɗin tsaf, ta danne saman da kwanon sha. Ta ce in kunna yanzu, in ji iya jina, amma ranar da ta ga tob ɗin nan a ƙasa ranar kayan za su bar gidan.

Haushi ya kama ni, na ce a raina tsohuwa ta lalata min karatu. Ashe ita ce ta gyara shi. Da ina ganin fuskoki da hannuwa, da na riƙa cankar magana ina yaudarar kaina cewa na ji. Da tob a kai babu wurin ɓuya, ko ka ji ko ba ka ji ba. Kullum bayan azahar, lokacin da rana take kashe kasuwa kuma ake kawo wuta a unguwarmu, sai in rufe rumfa in dawo. In ja ƙofa saboda hayaniyar awaki, in zaɓi wuri guda na minti biyu ko uku, in ji, in mayar baya, in sake ji. Abin da na kama in rubuta a littafi, ranar Juma'a abokina ya duba. Satin farko shafin kusan fari yake komawa. A hankali na gane mutanen nan haɗiye ƙarshen kalma suke yi, suna manna ta da ta gaba, kuma kowace ƙasa da irin tata haɗiyar.

Mahaifiyata tana rumfar tsakar gida tana aikinta, ita ma tana ji. Har ta san muryoyin.

"Yau ma mai kukan nan ce? Har yanzu mijin bai dawo ba?"

"Bai dawo ba, Inna."

"Miskina. Ka gaya mata ta yi haƙuri, haka suke."

A cikin wata na biyu wani mutum a kaset ya yi ba'a, na fashe da dariya, sai da na gama dariyar na gane abin da ya faru. Ban fassara a raina ba, ji kawai na yi. Na fito da gudu na gaya mata kunnen ya fara buɗewa. Ta ajiye muciya ta rangaɗa guɗa, ta ƙara min godogodo da nono har ya fi na masu saye. Ban taɓa ɗaga tob ɗin nan ba. Zuciya ta sha raya min, musamman idan na ji magana ta tsaya an yi shiru, amma ban ɗaga ba.

Abin da ban lissafa ba shi ne dangar da ke tsakaninmu da maƙwabcinmu, wadda ba ta tare ko tarin mutum. Maƙwabcin nan ɗan kwamitin unguwa ne, gemunsa bai fi shekara uku ba, amma ya fi na kowa tsayi. Wata biyu da rabi yana jin mata suna dariya suna kuka da wani yare a ɗakin saurayi, ƙofa a rufe, da rana tsaka. Bai taɓa leƙowa ya tambaya ba, kuma kullum muna sahu ɗaya a masallaci. Saura kwana goma in koma wurin likitar, sai ga mota a ƙofar gida, da 'yan sandan da ke farautar masu ɓata tarbiyya su uku, shi yana biye da su.

Sun same ni a kan wani wuri a kaset da na ji shi ya fi sau arba'in. Mata da miji ne suna gardama a kan sayar da gidan mahaifinta, ana jin ƙarar ruwa a bayansu, ni duk zatona ruwan sama ne a kan kwano. Har na zana su a raina, suna zaune a falo, ita da baƙaƙen kaya na makoki.

"Me ke ƙarƙashin tob ɗin nan?" in ji babbansu.

"Darasi ne, janabu. Yare nake koyo."

Ya sa hannu ya fizge, kwanon sha ya faɗi ya gangara. Ashe bakin teku ne. Abin da ke jikin matar bai kai hankici biyu ba, mijin kuma hannunsa yana kan ƙugunta. Ni da su muka gan ta tare, a karo na farko. Maƙwabcinmu yana ta a'uziyya da ƙarfi, amma idonsa bai bar gilashin ba sai da aka zare waya.

Na rantse ban taɓa gani ba. Babban ya dube ni yana murmushi.

"Da ba ka san abin da ke ciki ba, me ya sa ka rufe?"

Mahaifiyata ta kutso tsakaninsu, hannunta duk gari.

"Ni na rufe! Wallahil azim ni na rufe da hannuna, don kada ya gani!"

"Ya Hajja, wato ke kin san abin da ke ciki ke nan."

Suka kwashi talabijin, da na'ura, da kaset, da littafin da nake rubutu, har da tob ɗin, wai shi ma shaida ne. Ni ma suka sa ni a mota.

Washegari alƙali bai ɓata minti biyar a kaina ba. Ya tambayi inda na samo kaset ɗin, na ce wurin wani direban babbar mota na saya, ban san sunansa ba. Abokina ɗan gudun hijira ne, takardar zamansa a gari ana iya yage ta a gabansa a mayar da shi sansani, ko abin da ya fi haka. Aka yi min bulala a harabar kotu, mutane suna kallo, har da waɗanda na gyara wa rediyo kyauta. Bayana ya warke cikin sati guda. Da na je wurin shugaban kwamiti neman takardar, ya ba ni shayi, ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Ya waladi, malesh, ka yi haƙuri ɗana. Ta yaya zan rubuta kyakkyawan hali, alhali shatin bulala yana bayanka?" Gurbin kuma wani ɗan ƙanwarsa ya samu, mai ɗan Ingilishin sakandare.

Ban koma wurin likitar ba, ko don in ba ta haƙuri. Sau biyu abokina yana zuwa yana cewa in zo in yi mata bayani, za ta gane. Na ƙi. Kunya ta riga ta cinye ni, ko ta titin gidansu ba na bi.

Mahaifiyata ce ta fi ni shan wahala. Matan unguwa suka sa wa gidanmu suna gidan bidiyo. A tasha waɗanda suka shekara ashirin suna shan godogodonta suka koma wurin wata. Ba ta yi ƙorafi ba, sai kawai ta ce za ta je ƙauyen ƙanwarta a bakin Rahad ta taya ta aikin gona. Ni na san gudun idon mutane ta yi. Wata huɗu ta yi a can, ta dawo da zazzaɓi.

Muka ce maleriya ce. Aka yi allurai, aka sha rubutu, zazzaɓin ya lafa ya dawo. Ta fara ramewa, gefen cikinta na hagu ya fara tasowa. A nan ne zan faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ni na sani. Zazzaɓin da ba ya tafiya, rama, kumburin saifa, haɓo, duk suna cikin jerin kalmomin da likitar ta rubuta min, na haddace su da yare uku. Abokina ya zo duba ta, ya ja ni waje.

"Ya zol, kala'azar ne. Kai ma ka sani. Gobe motar tana tafiya, sa ta a ciki."

Na ce bari mu ƙarasa alluran nan tukuna. Da suka ƙare na ce bari mu gwada na wani kemis. Gaskiyar magana ba zan iya tsayawa gaban matar nan ba, matar da ta riƙe min gurbi wata uku, in ga tafintan da ya gaje ni yana raɗa mata labarina. Sati bakwai na yi ina wannan jan ƙafa. Sai ranar da haɓo ya ɓalle mata ya ƙi tsayawa sannan na ɗauke ta.

Wurin jinyar wata doguwar rumfar ciyawa ce, gadajen igiya a jere, kowane da gidan sauro. Likitar ta zo da wani matashin likita, da tafintan a bayansu. Ba ta dubi fuskata ba, mahaifiyata take dubawa. Ta danna cikin, ta buɗe idon, ta dubi dasashi. Sannan suka fara magana a tsakaninsu, ƙasa-ƙasa, da sauri, irin maganar mutanen da suka tabbata babu mai jin su.

Na ji komai. Ta ce saifar ta wuce cibiya, jinin ya ƙare, jikin ba zai ɗauki allurar ba. Ta ce da wata guda da ya wuce ne, da an yi wani abu. Matashin ya ja tsaki ya ce, "Kullum haka, sai sun jira. Me suke jira ne?" Babu kalma ɗaya da ta manne da 'yar'uwarta, kowace ta shigo kunnena ita kaɗai. Sai ta juya ta gaya wa tafinta wani abu da Ingilishi, shi kuma ya ce mana da Larabci, "Daktora ta ce a yi haƙuri, za a fara magani, in sha Allahu kwayyis, za ta samu sauƙi."

A nan ta ɗago ta gan ni. Ta daɗe tana kallona. Sannan ta yi min magana da yarenta, ba ta rage sauri ba.

"Kai ne na wancan lokacin. Ka ji abin da muka ce?"

"Na ji duka," na amsa mata.

Matashin ya sunkuyar da kai. Ita kuma ta dafa katakon gadon. Sai na ji ana jan gefen jallabiyata.

"Ɗan nan, da kai take magana? Me ta ce?"

Wannan ne aikin tafinta guda ɗaya da na taɓa yi a duniya, kuma ƙarya na yi a cikinsa.

"Ta ce za ki warke, Inna."

"Da kunnenka ka ji? Ba wancan ya gaya maka ba?"

"Da kunnena na ji."

Ta yi murmushi, leɓenta duk a bushe.

"To alhamdu lillahi. Ashe tob ɗina bai tafi a banza ba."

Kwana tara ta yi a kan gadon nan. A can muka binne ta.

Yau kowane yaro yana da finafinan duniya a aljihunsa, babu mai zuwa da mota. Maƙwabcin nan da zamani ya juya ya rage gemunsa, har yanzu yana miƙo min hannu a masallaci, ina karɓa, amma ban yafe ba kuma ba zan yi muku ƙarya in ce na yafe ba. Sau uku na je neman tob ɗin a inda aka ajiye kayan shaida, suka ce babu irin wannan a wurinsu. Na daɗe ina ɗora komai a kan maƙwabcin da alƙalin da shugaban kwamiti, kuma suna da nasu kason. Amma sati bakwai ɗin nan ba su suka jira ba. Sun yi min bulala ta rana ɗaya, ni kuma na bar kunyar bulalar ta yanke min hukunci a kan ran mahaifiyata.

Ga wanda ya tambaye ni yadda ake buɗe kunne, abin da zan iya ba ka ke nan: rufe hoton, ka ji wuri guda har ya gundure ka, ka rubuta, ka sake ji. Yana aiki, ni shaida ne. Amma kada ka ce in zauna in koya maka. 'Ya'yana idan suka kunna ƙwallon Sifen mai sharhi yana zuba, tashi nake yi in fita tsakar gida, su a zatonsu ƙwallo ce ba na so. Kunnen yana nan garau, ya ƙi toshewa. Har yau ina jin likitan nan yana tambaya me muke jira, da saurin bakinsa, kuma ko kalma ɗaya ba ta kuɓuce min.